Tsallen Yaya Habibu na Ƙarshe

"Kawu, wai da gaske ka taɓa tashi sama, ko da waya aka haɗa hoton nan?"

Lubna ce ta jefo tambayar, 'yata ta fari, shekararta takwas, bakinta cike da tuwo. Yammacin wata Alhamis ce. Yayana Habibu ya biyo ta gidanmu a Jikwoyi kamar yadda ya saba idan ya sallami yara daga fili. Ya zauna a bakin tabarma ya miƙe ƙafar hagu gaba, don ba ta lanƙwasuwa har ƙarshe. Na ga lomar da ya ɗauko ta tsaya a hanya.

"Ke Lubna! Haka ake yi wa babba magana?"

"Ƙyale ta, Auta," in ji shi. Har yau haka yake kirana, da 'ya'yana biyu. "Wa ya ce miki haɗawa aka yi?"

"Meshach ne, na filinmu. Ya ce in da gaske ne, me ya sa ba ka taɓa yin danki a gabanmu ba? Ya ce ko kwata ka tarar a hanya sai ka zagaya."

Yaya ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙoransa ba.

Hoton da take nufi yana jikin ƙyallen da suke ɗaurawa a bakin filinsu na ƙwallon kwando. Shi ne a ciki yana matashi, ya tsallake kan wani ƙato, ƙwallo a hannu ɗaya, zai dankara ta cikin zobe daga sama. Abin da suke kira danki ke nan. Kuma ba haɗawa aka yi ba. Ina 'yar firamare a Karu wata ƙungiya ta ɗauke shi zuwa Legas, daga nan Tunis, daga nan Luanda, inda ya fi daɗewa. Mu a gida ba mu san kan wasan ba. Abin da muka sani shi ne, in ya zo hutu sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin Inna, kuma kyanwarmu ta taɓa kwana a cikin takalminsa.

Gwiwa ce ta dawo da shi. Bayan aikin farko da aka yi masa ya koma fili da wata dabara: in ya yi danki sai ya kama zoben ya ɗan rataya, har jikinsa ya daina lilo, sannan ya diro a kan ƙafar dama. Da haka ya ƙara wasu shekaru. Bayan aiki na biyu ya dawo Abuja da sanda da jakar riguna, ya shige ɗaki. Ko a talabijin aka sa wasan sai ya tashi ya fita. Muna cikin damuwa da shi sai muka ji wai ya fara tara yara a bayan wata makaranta, suna kiransa Koci.

Mai makarantar ya ba shi dandamalin siminti bisa sharaɗin ba za a haƙa masa rami ba. Saboda haka Thaddeus mai walda ya ƙera musu kwando mai tayoyi. Dogon ƙarfe ne, a samansa faffaɗan katako mai kauri da zobe, a bayansa kuma can ƙasa akwai akwatin ƙarfe da aka cika da manyan duwatsu don kada gaba ya rinjaya. Yara suka shafe duwatsun da shuɗin fenti, kowa ya dangwala tafin hannunsa da fari a kan guda, aka rufe da tamfol saboda ruwan sama. Na san wannan duka ne don ni na sha wahalar wanke fentin daga rigar Lubna.

Yaya ya ajiye lomar, ya dubi yarinyar.

"Ki gaya wa Meshach, jibi Asabar bayan la'asar ya zo da wuri ya kama wurin zama. Ke za ki tsaya a ƙarƙashin kwando ki ɗaga min ƙwallo sama da kanki. Daga hannunki zan ɗauka."

Lubna ta daka tsalle har ta kusa kifar da miya.

"Ba da 'yata ba, Yaya," na ce.

"Ba tsallake ta zan yi ba. Ta gefe zan zo."

"Gwiwar fa? Kai da kake hawa bene kana hutawa?"

"Zan kama zobe in sauka a hankali, yadda na saba. Sau ɗaya ne, Auta." Ya rage murya. "Yaran nan in ba su yarda da kai ba, babu abin da za ka koya musu. Meshach yana da hannu, zai iya zuwa nesa, amma ya fara kallona kamar mai ba da labarin ƙanzon kurege. In ya bar zuwa, rabin manyan za su bi shi."

Na dubi Lubna, ta haɗe hannuwa tana roƙona da ido. Na dubi ƙafarsa da ke miƙe a kan tabarma.

"To, amma sai ina wurin. Ka yi min alƙawari."

"Na yi. In ban gan ki ba, ba zan tashi ba."

Ranar Asabar akwai suna a gidan ƙanwar Hasana, aminiyata, can ƙetaren titin Karshi. Abban Lubna yana wurin aiki. Tun azahar Yaya ya biyo ya ɗauki Lubna, ni kuma na goya ɗana Farouk na tafi taya aiki. Zobo da kunun aya aka ba ni, saboda haka a cikin ɗaki na wuni ina tacewa ina ɗurawa a robobi. Girki yana can bayan gida, ban ma leƙa ba.

Da aka yi la'asar na ga na fara makara. Na yafa mayafi, na zagaya baya in yi wa Hasana sallama. Na tarar mata biyu suna kokawar sauke tukunyar shinkafa ta ƙarshe, suna mita wai itacen ɗanye ne. Suka ɗaga tukunyar, hayaki ya washe, idona ya sauka a kan murhun.

Cikin duwatsun ya yi baƙi ƙirin, amma bayan ɗaya daga ciki shuɗi ne. A kan shuɗin akwai ɗan tafin hannu da farin fenti.

Na matsa na duba na kusa da shi, shi ma haka. Na duba murhun miya, na duba na ruwan zafi. Duk shuɗaye ne, duk da hannuwan yara a jiki, wasu sun fara ƙonewa.

"Hasana, ina kuka samo duwatsun nan?"

"Wane duwatsu? Oho, Manniru na aika da asuba. Ke dai ki ga girmansu, ko motsi tukunya ba ta yi."

Manniru mai baro ne, bai daɗe da zuwa daga ƙauye ba. Yana tsugune a gindin katanga yana kankarar ƙanzo. Na isa kansa ban san lokacin da na isa ba.

"Malam, daga ina ka kwaso su?"

Ya miƙe da sauri yana goge hannu. "Hajiya, ba na kowa ba ne. A bayan makarantar can na gan su cikin wani akwati, an rufe, ba a komai da su. Aro na yi, gobe da sassafe zan mayar. Har tamfol ɗin na ja na mayar yadda yake."

"Duka ka kwaso?"

"Na bar ƙanana."

Ban yi masa faɗa ba, don babu lokaci, kuma ba abin da ya yi wanda ba mu saba yi ba. Dutsen murhu ba a sayensa, ba a neman izini a kansa. In biki ya zo, inda aka gani a nan ake ɗauka, a gama a mayar. Ni kaina na sha aika yara su kwaso daga bakin ginin mutane.

Amma a tsaye nan kaina ya yi wani lissafi. Yaya ya hana yara rataya a zobe, duk wanda ya gwada sai ya zagaya fili da gudu har ya gaji. Ke nan tun azahar suna jefa ƙwallo kwandon bai nuna komai ba. Mutum ɗaya ne zai rataya a kansa yau, mutumin da ya fi kowa nauyi a filin, kuma 'yata za ta kasance a ƙarƙashi.

Na kira wayarsa, a kashe. Na sake kira, duk da na san dalili. In an fara horo kowa sai ya kashe waya ya jefa a bokiti, har shi kansa. A Luanda ya koyo wannan, yana alfahari da shi.

Na kwance Farouk na danƙa wa Hasana. Ya tsala kuka.

"Ikilima, lafiya? Me ya faru? Ke da wa?"

"Riƙe min shi. Kada ki ba shi zobo."

Na fita da gudu.

A bakin titi na tare ɗan acaba tun kafin ya sauke wadda ya ɗauko. Na faɗa masa sunan makarantar.

"Madam, akwai goslo fa."

"Ka bi ta inda za ka bi. Yarinyata ce."

Ya waiwayo ya dubi fuskata, ya ja babur. Muka kutsa tsakanin motoci da Keke, gwiwata tana gogar ƙofofin mutane, wani direba yana zaginmu ta taga. Ni ko ji ba na yi. Ina ta ƙoƙarin tuna nauyin katakon nan. Ranar da aka ɗora shi ina wurin, maza huɗu ne suka ɗaga, suna nishi. Na tuna wuyan Lubna, yadda nake riƙe shi da hannu ɗaya in ina yi mata kitso. Na ce Ya Allah, ka sa gwiwarsa ta ƙi. Ka sa ya ji ciwo tun a ɗumin jiki ya fasa. Ban taɓa roƙa wa ɗan'uwana ciwo ba sai ranar.

Muka bar titi muka shiga layin da zai kai mu ƙofar makarantar, sai ga tifa ta kafe a tsakiya, tayarta ta faɗa kwata, ta toshe hanya daga katanga zuwa katanga. Yaran mota suna zaune a kan yashi suna shan rake.

"Sai mun koma mun zagaya ta kasuwa," in ji ɗan acaban.

Na diro. Na san wani lungu da ke bi ta bayan wurin masu wankin mota ya ɓulle bayan filin. Na tattare zani na shiga. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, na bar shi, na cire ɗayan ma. Wata tsohuwa da ke tsince wake a ƙofar gida ta ce, "'Yar nan, wa ya biyo ki?" Ban tsaya ba.

Tun kafin in ga filin na fara jin su. Ana dukan bokitai da jarkoki, muryoyi suna tashi tare: "Ko-ci! Ko-ci! Ko-ci!" Na ce alhamdulillahi a cikin haki. In har suna kira, bai tashi ba tukuna.

Lungun ya fito da ni daidai bayan kwandon. Ban zaci taron ya kai haka ba. Labari ya zagaya unguwa. Ga 'yan acaba sun jera babura, ga makanikai da baƙin mai a hannu, ga iyayen yara, sun yi wa filin zobe, sun cika gefen kwandon dama da hagu, kafaɗa da kafaɗa. Ta tsakanin ƙafafunsu na hango Lubna. Tana tsaye a ƙarƙashin zoben, ta juya min baya, ƙwallo a ƙugunta. Can tsakiyar fili ga Yaya cikin tsohuwar rigarsa ta Luanda, gwiwa a naɗe da bandeji, hannu a ƙugu, yana waige-waige.

Wani dogon yaro ya haɗa hannu a baki yana ihu, na gane Meshach ne. "Koci, rana za ta faɗi fa! Ko sai an kawo tsani?"

Aka kwashe da dariya.

Na ture wani na ce ya ba ni hanya, ya ce, "Madam, kowa ma kallo ya zo." Na ƙwala kiran Lubna, ƙarar bokitai ta haɗiye muryata. Na juya ga akwatin, na fizge tamfol. Wayam. Tsakuwa biyu-uku da wani ƙadangare da ya tsere.

Sai na hau bakin akwatin don in fi mutane tsawo, na cire mayafina ina kaɗa shi sama da dukan ƙarfina. "Yaya! Yaya, tsaya! Babu dutse!"

Ya gan ni.

Na ga fuskarsa ta washe. Ya nuna ni da yatsa, ya dafa ƙirjinsa, kamar mai cewa ga shi na cika alƙawari. Ya yi wa Lubna alama, ta ɗaga ƙwallon sama da hannu biyu. A nan na gane abin da na yi. Ni yake jira tun ɗazu. Da ya ga ina kaɗa mayafi, ya ɗauka kirari nake yi masa.

Ya ja da baya taku biyu, ya sunkuya.

Kusa da ni akwai Madam Kindness mai fanke, wadda ke zama a nan kullum da farantinta. Mace ce mai jiki, ta yi biyuna da rabi.

"Maman Lubna, lafiya? Kai ya hau nan yin me?"

"Kindness, zo ki zauna a nan! An kwashe duwatsu! Zai faɗi a kan yara!"

"Wane dutse?"

"Ki zauna kawai!"

Na faɗa cikin akwatin na kwanta rub da ciki, na riƙe bakinsa. Ta ƙarƙashin ƙarfen, ta tsakanin ƙafafun mutane, ina ganin siraran ƙafafun Lubna cikin farin kambas, da manyan takalman Yaya suna tahowa. Gudun ba irin na mai ɗingishi ba ne. Ban taɓa ganin ya yi gudu haka ba tun ina yarinya. Takalman suka zo kusa da nata, suka ɓace daga ƙasa.

Taron ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Ƙarfen ya yi wata ƙara da na ji har cikin haƙorana, sannan ƙasa ta fara nisa da ni. Akwatin ya ɗaga da ni a ciki kamar ba kowa. Na ji Kindness ta yi salati da yarenta, farantinta ya tarwatse, ta faɗo da rabin jikinta a kan bayana. Akwatin ya tsaya a sama yana rawa. Wani makanike ya cafki gefensa yana ihu, "Ku riƙe! Ku riƙe!" Na ɗauka mun tsayar da shi. Amma tayoyin suka zame baya a kan siminti, hannun makaniken ya suɓuce, Kindness ta sulale ƙasa, ni kuma aka yi sama da ni.

Abin da ya faru a gaba, daga baya aka ba ni labari. Yaya ya ce yana kama zoben ya ji ya biyo hannunsa. Ya kama zobe ya fi a ƙirga a rayuwarsa, ya san yadda mai lafiya yake turjewa. Bai jira ba, ya saki, ya faɗo a kan ƙafar hagu, wadda shekara da shekaru yake kare ta. Kwandon bai zo nan take ba, ya tsaya yana rawa a sama na ɗan abin da bai kai numfashi biyu ba. A cikin wannan ya fizgo Lubna ya cusa ta ƙarƙashin ƙirjinsa, ya dafa ƙasa da gwiwar hannu. Katakon ya sauka a bayansa.

Ni dai na ji ƙarar. Na tsinci kaina a kan siminti, hannuna na dama a lanƙwashe ƙarƙashina, bakina da ɗanɗanon jini. Bokitai sun yi shiru. Babu mai motsi.

Na rarrafa. Mutane suka dare min. Katakon ya rufe su, ƙafafun Yaya kaɗai ke waje, ta hagun ta juya wani iri. Ban ga ko yatsan Lubna ba.

"Ku ɗaga," na ce. "Ku ɗaga mana!"

Meshach ne ya fara kamawa, yana kuka yana zagin sauran. "Ku kama, dalla! Kuna kallo? Ku kama!" Manyan yaran da makanikai suka sa hannu, suka ɗaga, suka ja gefe. Yaya yana nan a dunƙule, bai motsa ba, rigar ta yage a kafaɗa, jini yana bin bayansa.

"Lubna," na ce. "Lubna!"

Shiru.

Sai wata 'yar murya daga ƙarƙashinsa. "Kawu, ka danne ni. Ba na iya numfashi."

Na zura hannun hagu na jawo ta. Na shafa kanta, na shafa wuyanta, na bi bayanta da yatsu ƙashi bayan ƙashi, na sa ta ɗaga hannuwa, na sa ta taka. Haɓarta ta fashe, haƙorinta ɗaya yana girgiɗi. Shi ke nan. Na rungume ta har ta ce ni ma ina danne ta.

Wasu suka yi kan Yaya za su ɗaga shi zaune. Na daka musu tsawa kada wanda ya taɓa shi sai an samo abu mai faɗi. A kan ƙofar wani aji da aka ciro muka ɗora shi, aka sa a bayan motar wani mai kai burodi, muka nufi asibiti a Karu. A hanya ya buɗe ido.

"Tana ina?"

"Ga ta nan. Lafiyarta ƙalau."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Ta shiga?"

"Me?"

"Ƙwallon."

"Yaya, wallahi in ka ƙara magana zan sauke ka a nan."

Allon kafaɗarsa ya tsage, haƙarƙari biyu sun karye. Gwiwar kuwa likita ya ce za a yi aiki na uku, kuma kada ya sa ran rabuwa da sanda. Ni an sa min filasta a wuyan hannu. Kindness ta kwana biyu ba ta fito da fanke ba saboda ƙugu.

Washegari na je duba shi da kunu. Na tarar yana kallon silin. Na zuba masa, na zauna.

"Da ban hau na kaɗa mayafin nan ba," na fara.

"Da na tashi duk da haka. Na kusa karya alƙawarin, Auta. Yaron nan ya kai ni maƙura. Da kin ƙara jimawa kaɗan, da babu kowa a cikin akwatin." Ya yi ƙoƙarin gyara kwanciya, ya cije leɓe. "Kin san abin da ke cina? Na duba igiyar takalmina. Na duba bandeji. Na sa an share simintin saboda tsakuwa. Ban zagaya bayan kwandon ba."

"Kullum yana nan a rufe, wa zai yi zato?"

"Ba wannan ba ne. Shekarun da na yi ina wasa, ban taɓa duba kwando ba ko sau ɗaya. A can akwai waɗanda aikinsu ke nan, kafin mu fito sun gama. Ni dai in zo in tashi. Na zama koci, na kwaso dokar waya, na kwaso dokar zagaye fili, na manta cewa a nan babu waɗannan mutanen. Ni ne su."

Ban ce masa "ba komai" ba, don akwai komai. Na miƙa masa kofin.

Muna nan Hasana ta shigo, Manniru a bayanta, ya kasa haɗa ido da kowa. Da sassafe ya loda duwatsun a baro ya mayar kamar yadda ya ce, ya tarar da kwandon a kwance da jini a siminti, mai gadi ya ba shi labari. Ya durƙusa a bakin gadon.

"Oga, wallahi ban sani ba. Na ɗauka ajiye su aka yi."

Yaya ya dube shi. "Ina ka sa su?"

"Na jera su a gefen akwatin."

"Bar su a nan. Tashi, ba a durƙusa min."

Yanzu an tayar da kwandon. Thaddeus ya zuba kankare a cikin akwatin ya walde murfi a kai, mai makarantar kuma da kansa ya ce a haƙa ramin a ɗaure ƙarfen da sarƙa. Yaya yana horar da su daga kan kujerar roba, sandarsa a gefe. Lubna ta koma fili bayan haɓarta ta warke. Na so in hana ta, Abbanta ya ce in na hana ta wannan, sai in hana ta tsallaka titi. Na bar ta, amma ni nake kai ta, kuma ba na tafiya sai na zagaya baya na jijjiga ƙarfen da hannuna mai lafiya. Yaran suna yi min dariya. Su yi.

Irin kwandon nan sun cika Abuja yanzu, a makarantu, a harabar coci, a bayan masallaci, a cikin rukunin gidaje. Mafi yawansu walda ce ta bakin titi, kuma abin da ke riƙe da su bulo ne, ko buhun yashi, ko tsohuwar taya da dutse a ciki, abubuwan da kowa zai iya ɗauka da kyakkyawar niyya. Ke uwa, kai uba, in ɗanku yana wasa a ƙarƙashin irinsa, kada girman sunan kocin ya ishe ku. Ku zagaya baya da kanku, ku ɗaga abin da aka rufe, ku tura ƙarfen ku ga ko zai motsa. In ya motsa, ku janye ɗanku a take, ko da ana tsakiyar wasa, ko da za a ce kun cika fitina. Kuma in kun aiki wani ya samo muku dutsen murhu, kada ku ɗora tukunya sai kun tambaye shi daga ina ya ɗauko.